Ƙulli Uku

Shekara arba'in ina laluben 'yan raguna
a iskar Porvenir, wadda ke koya wa itace ruku'u.
Hannuna ya riga idona sanin lissafi:
biyu, a sake shi cikin garke;
ɗaya, a ware shi gefe.
Ban taɓa tambayar inda ɗayan ya maƙale ba.

Sai Nélida ta sauka lafiya,
aka miƙo mini Baltasar cikin bargon ulu,
hannun nan marar kunya ya yi abin da ya saba.
Ɗaya.
Na yi tsit kamar wanda ruwa ya ci.

Muka haye teku a jirgin asuba.
Likita Oyarzún, wadda na haife ta sau biyu,
ta juya bayan takardar magani,
ta ja layi biyu, na ƙasa ya ɗan fi tsawo.
Ta ce, "Baba, ga ɗan aiken.
Da fari sarƙa ɗaya ce doguwa,
jiki ya naɗe ta, ya datse tsakiya ya yar.
Saura biyu.
Ƙulli biyu na farar wuta sun haɗa su,
na uku ya kama ta sama da kanta
don kada ta warware.
Dangin insulin ne, amma babu ruwansa da sukari."

Na ce, ai wannan ɗaurin shinge ne,
ko da dare zan yi shi.
Ta yi dariya, ta ci gaba.

Wai can kusa da ƙoda maraina ke fara zama,
tun yaro bai kai ɗan yatsa ba.
Su da kansu ke tura ɗan aiken
zuwa ga wata igiya da ke kwance a mara.
Ya isa, ya shiga kamar mabuɗi a kwaɗo,
igiya ta kumbura, ta yi kauri, ta riƙe gam.

"To, sai ta jawo su ƙasa?"
"A'a, Baba. Da fari ba ja take ba, riƙo take.
Yaron ne ke girma ya bar su:
baya ya miƙe, ƙoda ta yi sama,
su kuwa suna nan a turke.
Sai watannin ƙarshe sinadarin maza ya zo
ya raka su ta ƙunƙuntar hanya
zuwa jaka, inda akwai sanyi,
don iri ba ya son zafin ciki."

Nan na kasa haɗiye yawu.
Na tuna Evaristo a ramin tagulla can arewa,
Amaro a jirgin kamun ƙaguwa,
da ni, da ban gusa ko taki ɗaya ba,
amma kullum ana ce mini na yi nisa.

Ta ce a ba shi wata shida.
An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo,
amma ita ba ta yarda da karin magana ba:
in bai sauko ba, 'yar tiyata ce,
a kamo shi, a zaunar da shi a ɗakinsa.
Ba laifin uwa ba ne, ba kuma na jinina ba.
Wani lokaci ita ma ba ta san dalili ba.

Takardar tana cikin hulata har yau,
gumi ya fara cin ƙulli na uku.
Jiya a turken yamma na kama wani ɗan rago,
baƙin kunne, mai taurin kai.
Ɗaya.
Na daɗe riƙe da shi, iska na dukan bayana.
Na shafa cikinsa, wajen da nake zato,
na buɗe ƙofar garke.